Ɗaki cike da kwano, rumbu cike da iska

 Maganar yau ba za ta yi ma kowa daɗi ba, amma Sallar Layya ta matso, kuma gara a faɗe ta tun kuɗin ba su fita daga aljihu ba. Mun iya jera ɗaki, mun manta yadda ake ajiya. Mun iya kyautar a gani a faɗa, mun kasa lissafin abin da gida zai ci daga Sallah zuwa sabon hatsi. Wanga hali shi ke jefa gidaje da yawa cikin bashi duk shekara, sannan mu ɗora laifin duka bisa ruwan sama.

Ku leƙa ɗakin amarya a garin Mayahi ko Tasawa, kai har ƙauyukan Kanambakashe, Sarkin Hausa da Urafan. Armuwar ta cika bango guda. Langa bisa langa, kwalla bisa kwalla, kuloli kala-kala, farantin da ba a taɓa zuba tuwo a ciki ba kuma ba za a zuba ba. Wani kwanon har yau takardar kanti tana manne a gindinshi. Duk ranar Juma'a a sauke, a goge ƙura, a maida. In ka tambayi inda za a aje buhun hatsi, sai a ce babu wuri. Ai dole babu wuri, kwanon da ba ya aiki ya ƙwace wurin abincin da za a zuba a cikinshi.

Kuɗin wanga jere daga ina suke fitowa? Mu nan ba mu da wata ma'adana sai gona da dabba. Da kaka ta yi, watan Oktoba zuwa Disamba, hatsi da wake sun cika kasuwa, tiya ta faɗi ƙasa warwas. A lokacin ne ake ɗaura aure, a lokacin ne ake haɗa baliz, a lokacin ne 'yan bashi ke zagayowa. Sai a sussuke dami, a loda ma amalanke, a kai kasuwa. Ɗan kasuwa ya saye da araha ya zuba a sito, ko ya tura Maraɗi, ko ya ƙetara da shi Nijeriya. Bayan wata shida ko bakwai, manomin nan da kanshi ya dawo da ɗan buhunshi a kafaɗa yana sayen hatsin da ya noma, tiya-tiya, da tsada. Ɗan kasuwa bai yi sata ba, ajiya ya yi. Abin da ya kamata mu yi a rumbunmu shi ya yi a sitonshi, ya ci ribar haƙuri.

Ga wani abu kuma da mutane ba su cika lura da shi ba. Watan Musulunci yana ja da baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2025 an yi Layya a farkon watan Yuni, a 2026 ƙarshen Mayu, kuma shekarun da ke tahe za ta ƙara nitsewa cikin bazara. Ma'ana Sallolin biyu, ƙarama da babba, yanzu suna faɗowa lokacin da rumbu ya yi ƙasa, rijiya ta yi nisa, dabba ta rame, kuma ana jiran ruwan shuka. Kuɗin iri, kuɗin taki, kuɗin 'yan ƙwadago, duk suna bakin ƙofa. Wanda ya ƙarar da ƙarfinshi a shadda da rago mai ƙaho uku-uku, da mi zai shiga gona? Akwai shekarun da Sallah ke zuwa bayan girbi, mutum ya yi ɓarna kuma ya tsira. Waɗannan shekarun ba su ne muke ciki ba.

Wanda ya kai shekara talatin a jihar Maraɗi bai buƙatar a ba shi labarin 2005. Damina ta 2004 ta yanke, fara ta sauka a wasu wurare, amma abin da ya kashe jiki shi ne farashi. Hatsi yana nan a kasuwa, ido na gani, hannu bai kai ba. Cibiyoyin jinyar tamowa suka cika da yara, har duniya ta ji sunan Maraɗi. A 2010 aka sake shan wata. Iyayenmu mata sun fidda kayan ɗaki sun kai kasuwa a waɗannan shekaru, ku tambaye su nawa aka saya. Ranar da kowa ke saida kwano, wa zai sayi kwano da daraja?

Na san amsar da iyaye mata za su ba ni, kuma amsa ce mai nauyi. Za su ce kayan ɗaki dukiyar ɗiya ce. Namiji na iya sakinta gobe, gida nashi ne, gona tashi ce, abin da za ta ɗauka ta fita da shi kayan ɗakinta ne. Za su ce ɗiyar da aka kai da ɗaki fayau kishiya da dangin miji za su raina ta har ta mutu. Gaskiya ne, kuma ba ni da bakin da zan ce a kai ɗiya hannu rabbana. Amma mu duba kayan da kyau. Tasar kakanninmu ta ƙarfe ce, ana gadonta, ana saida ta bayan shekara ashirin. Na yanzu fa? Roba ce da rana ke busarwa ta tsage, da armuwar ta garin katako wadda in damina ta taɓa ƙafarta sai ta kumbura ta zube. Ranar da aka sauke ta daga mota ta rasa rabin kuɗinta. Uwa, in dukiya kike so ki bar ma ɗiyarki, akuya biyu sun fi kula goma sha biyu. Akuya na haihuwa, ana tatsa, ana saida ta ranar kasuwa ba tare da an yi roƙo ba. Keken ɗinki na kawo kuɗi. Ɗan fili, ko ƙarami ne, ba ya tsatsa. A saya mata abin da za ta dafa, ta ci, ta kwanta, ta tarbi baƙo da mutunci, sauran a maida shi abin da ke girma.

Kada maza su ji daɗi su ce yau an taɓo mata. Naku ya fi. Wa ke riƙe da mabuɗin rumbu? Wa ke kai hatsin gandu kasuwa don ya ƙara aure da kaka ta yi kyau? Mun san al'adar nan: mai gida ya rufe rumbu bayan girbi, ya tahi cin rani, ya bar mace da 'ya'ya su rayu da ɗan abin da ta samu a gamana. In ya rufe don a buɗe da damina a samu ƙarfin noma, wannan dabara ce, madalla. Amma nawa ne ke rufe rumbun da rabinshi an riga an ci bashi a kai? Kuma wa ke tsayawa a kasuwar dabbobi yana leƙen ragon maƙwabci kafin ya taya nashi? Malamanmu na Malikiyya sun sha faɗa a masallaci da rediyo: layya sunna ce ga wanda ke da hali. Ba a ce ka saida iri ba, ba a ce ka jinginar da gona ba. Tunkiya ta isa, akuya ta isa in ta cika sharuɗɗa. Naman kwana uku ne, bashin kuwa zai bi ka har kaka.

Kakanninmu ba su je lakkol ba, amma ku dubi tsarin gidansu. Rumbu a ɗage bisa duwatsu ko itace saboda gara da danshi. Hatsi a aje shi da zangarniyarshi, dami-dami, don ya fi daɗewa fiye da tsaba. Iri a ware shi daban, zangarniya mafi kyau, ba mai taɓa ta ko yunwa ta yi yaya. Ragaya a rataye, nono da fura sun tsira daga kare da yara. Tufafi a adudu ko akwati. Harawa bisa itace ko bisa rufin ɗaki, inda akuya ba ta kai ba. Kowane abu da wurinshi, kuma kowane abu da aikinshi. Wanda ya karanta Suratu Yusuf ya san shawarar da Annabi Yusuf, alaihis salam, ya ba mutanen Masar a shekarun yalwa: a bar abin da aka girbe cikin zangarniyarshi, a ci kaɗan, saboda shekarun da ke tahe. Muna karanta surar, muna kuma loda amalanke.

Kuma ba za mu ce ba mu da sababbin dabaru ba, wasu ma a jiharmu aka haife su. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi: mata su taru duk mako, kowace ta zuba ɗan abin da ta iya a akwati, a ba juna rance, a raba in lokaci ya yi. Yau ƙasashe da dama na Afirka da wajenta sun kwaikwayi tsarin. Ƙungiyar da ta sa ranar rabonta kafin Sallah ta huta da zuwa wurin mai ba da bashi. Akwai buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro tare da masu bincike na Afirka, aka fara yaɗa shi tun 2007. In wake ya bushe sarai, aka matse iska aka ɗaure kowane ruɓi daban, ƙwaro zai mutu don rashin iska, ba sai an sa magani ba. Wanda ya aje wake haka, shi ke saida shi lokacin da ya ga dama. Akwai warantaj: manoma su haɗa buhunansu a sito guda mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin asusun da ya ba da rance. A karɓi wani kashi na kuɗin kayan a yi sana'ar rani, a biya, a fidda hatsi lokacin da ya yi daraja. Bankunan hatsi na ƙauyuka ma don haka aka kafa su, kuma inda suka mutu, sau da yawa rashin biyan bashi da rashin amana ne suka kashe su. Wannan ma namu ne mu gyara.

To, mi za a yi kafin wagga Sallah? Farko a zauna, miji da mata, a yi lissafin da ɗan aji uku zai iya. Buhu mai kilo 100 yana ɗaukar wajen tiya 40. A ce gidanku na cin tiya 2 a rana: wata guda tiya 60, wata huɗu tiya 240, buhu 6 ke nan daga Layya zuwa sabon hatsi. Ku leƙa rumbu. In babu buhu shidan, to kuɗin da ke hannunku ba na shadda ba ne, na hatsi ne. Abin da ya rage bayan ci da iri, shi ne na Sallah.

Na biyu, a buɗe armuwar. Kwanon da ya shekara biyu ba a ci abinci a ciki ba, a saida, ko a ba ƙanwar da za a aurar, a huta da sayen sabo. Wurin da ya bari a sa katako a ƙasa a ɗora buhu, kada ya jingina da bango. Kuma don Allah, buhun da aka sa ma ƙwayar maganin ƙwari mai hayaƙi, kada ya kwana ɗaki guda da mutane. Iskar da ke kashe ƙwaro tana kashe yaro. Haka kwalbar man fetur, ba ta da wuri a ɗakin kwana, balle kusa da murhu.

Na uku, kyauta. A rubuta sunaye tun yanzu, a fara da waɗanda ba za su iya ramawa ba: gwauruwar da ke riƙe da marayu, tsohon da 'ya'yanshi suka tahi ba labari, almajirin da ke ɗebo muku ruwa. Tiya biyar ta hatsi a gidan da babu ta fi turmin zane a gidan da akwai goma. Yara a ba su barka da Sallah daidai ƙarfi, dala ashirin ma murna ce gare su, mu manya ne muka maida abin gasa. Saurayin da zai kai kayan Sallah gidan surukai, iyayen ɗiya su taimake shi, su daina auna shi da abin da aka kai gidan wane. Wanda kuka tatse yau, gidanshi ɗiyarku za ta je ta iske ba komi. Ku kuma da ke waje kuna aiko kuɗi, ku faɗa a fili: wannan na hatsi ne, wannan na Sallah. In kuka aiko a dunƙule, tela da mai rago za su riga rumbu.

Sallar baɗi kuwa, shirinta da kakar bana yake farawa. Ɗan rago a saye shi ƙarami lokacin da harawa da dusa ke akwai, a kiwata a gida. Yadin yara a saya da wuri, a kai ma tela tun bai fara kwana a shago ba. Jika guda duk ranar kasuwa, in an jure, ta fi rancen dare ɗaya.

Masu garuruwa, limamai, shugabannin ƙungiyoyin mata, wannan aikin ya fi ƙarfin gida guda, domin ba wanda ke son ya zama na farko da za a yi ma dariya. In gari ya zauna ya yanke iyakar jere da baliz, kuma masu hali suka fara bi, talaka zai samu inuwar fakewa. Wanda yake ganin na yi kuskure, ya kawo hujjarshi, amma ya fara leƙa rumbunshi tukuna.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai mu Sallah lafiya, ya sa mu dace.