Wane Harsashi Ya Dace da Barewa?

A hutun Babbar Sallar da ta wuce na je gida Wurno. Bayan la'asar muna zaune a zaure, sai ɗan yayata ya matso kusa da ni da waya a hannu. Saurayi ne da ya gama digiri yana jiran kiran bautar ƙasa, zama ya ishe shi, YouTube ta zame masa abokin hira. Ya nuna mini wani Ba'amurke da ya jera harsasai a kan teburi yana bayanin wanda ya fi dacewa da farautar barewar ƙasarsu. Ya ce, "Kawu, da za ka sayi bindigar farauta, tsakanin .243 da .308 wace za ka ɗauka?" Na yi dariya, domin ni alli ne makamina. Amma tambayar ta biyo ni har Sakkwato, saboda ta tuna mini Baffana, Allah Ya jiƙansa, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa yana farauta a dajin Gundumi.

Waɗannan lambobi awon kaurin harsashi ne da inci. Na .243, wanda kamfanin Winchester ya fitar a 1955, ya ɗan haura milimita shida. Na .308, wanda ya fito a 1952, tagwaye ne da harsashin da sojojin ƙungiyar NATO ke kira 7.62. Akwai kuma tsohon .30-06 na shekarar 1906 da .270 na 1925, waɗanda maharban Amurka ba su daina gardama a kansu ba. Idan harsashi ya ƙara nauyi da albarushi, yakan ƙara ƙarfin ratsa ƙashi, amma sai bindigar ta ƙara shurin kafaɗa. Wanda kuwa ke tsoron shurin bindigarsa yakan runtse ido kafin ya ja kunama, ya sami dabba a cinya ko a tumbi maimakon bayan kafaɗa inda huhu da zuciya suke.

Abin da bidiyon bai gaya wa yaron ba shi ne dabbar da ake magana a kanta ba tamu ba ce. Tasu mai ƙaho ne mai rassa, wanda ke zubewa kowace shekara ya sake tsirowa, kuma babu irinta a Afirka kudu da Sahara. Babban namijinta kan kai kilo ɗari. Barewarmu kuwa, mai jan goshi da baƙin zane a haƙarƙari, da wuya ta wuce kilo 35, gada ma ba ta kai ta ba. Gwanki kuwa, cikin dabbobin da iyayenmu suka sani, yakan haura kilo 200. Saboda haka ko .243 ɗin da Ba'amurken ya kira ƙarami ya ishi barewa har ya yi saura. Wanda ya sakar mata .308 daga kusa, rabin kafaɗar da zai kai gida dagargajajjen nama ne.

A Ingila ba su bar wannan ga son ran maharbi ba. Dokarsu ta 1991 ta hana harbin manyan barewarsu da abin da ya gaza .240, ta kuma ƙayyade ƙarfin da harsashin zai fita da shi da irin kansa, wanda dole ya zama mai buɗewa a cikin jiki. Manufar ita ce dabba ta faɗi nan take, kada ta tafi da rauni ta mutu a ɓoye.

Baffa bai san inci ba, amma ya san wannan manufa sarai. Bindigarsa ta toka ce, wadda ake ɗurawa ta baki, maƙeri ne ya ƙera masa ita. Kafin ya fita sai ya yanke shawarar abin da zai nema ranar. Idan zabi ne ko fakara, ya zuba ƙananan dalma masu yawa da za su watsu. Idan barewa ce, manya ƙwaya biyu ko uku kawai. Albarushi kuma da yatsu yake auna shi a jikin sandar ɗuri, ba ya ƙara ko rabin yatsa don burga. Ya sha nuna mini wani abokin farautarsa da ya rasa yatsu uku saboda ya cika ɗuri bindigar ta tsage a hannunsa. Tun da yake bindigarsa harbi ɗaya take yi, kuma ba ta da tabbas bayan taku talatin ko arba'in, sauran aikin ƙafa da haƙuri ne: ya zagaya ya sa iska a fuskarsa, ya rarrafa, ya jira.

Sau ɗaya na ga ya yi kuskure, ina ɗan shekara goma sha biyu. Barewa ta zabura daidai lokacin da ya harba, dalma ta same ta a baya. Tun hantsi muke bin ɗigon jini a cikin sabara, ga ƙishirwa, har rana ta yi ja. Na ce, "Baffa, mu koma gida mana, ai gobe ma rana ce." Ya juyo ya dube ni, ya ce, "Yaro, ni na sa mata ciwon nan. In na bar ta, wa zai cire mata shi?" Dab da magariba muka same ta kwance a gindin aduwa, ya yanka ta. A hanyar komawa bai ce mini uffan ba.

Daga baya, a karatun zaure, na tarar da asalin abin a fikihu. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim, wanda ke cikin Bukhari da Muslim, ya bambanta dabbar da makami ya huda da wadda ya buge da gefensa ta mutu: ta farko halal ce, ta biyu mushe. Ga kuma umarnin kyautatawa wajen yanka, da wasa wuƙa don a hutar da dabba. Auna makami da girman abin da za a harba tsohon karatu ne a garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke kwance.

Sai dai akwai abin da ya sha gaban duk wannan lissafi, wato doka. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na toka, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisinsu. Masu baki ɗaya ko biyu da raifulan farauta, sai da izinin Sufeto Janar. Kashi na uku haramtattu ne sai da sa hannun Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu dokar ta ambaci raifula masu awon milimita 7.62 da milimita 9, da .300 da .303. A yadda na karanta ta, .308 da .30-06 da yaron ke sha'awa sun faɗa wannan gida. Ko wanda dokar ta bari ma, tun watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi.

Abin takaicin, awon da doka ta fi tsananta a kansa shi ne ya fi yawa a dajinmu yau. AK-47 harsashin 7.62 take ci, talatin a ɗuri ɗaya, kuma masu riƙe da ita a Gundumi ba barewa suke nema ba. Mutanen Raba ba su manta harin Tabanni na watan Yulin 2018 ba. Mutanen Goronyo ba su manta ranar kasuwa a watan Oktoban 2021 ba, da aka kashe fiye da mutum 40. Maharban da suka gaji Baffa, da yawansu sun koma tsaron ƙauye da bindigar da ake wa laƙabi da harba-ka-ruga. Idan kuma suka tafi kudu neman dajin da ke shiguwa, bindigar kanta na iya zama musu ajali, kamar yadda aka kashe matafiya 16 maharba a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025.

Ita barewar ma ta yi ƙaranci. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa mai jan goshi a jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Noma ya ci daji, masu gawayi sun ci itatuwa, farautar gayya da karnuka da babura ba ta barin mai ciki ko mai goyo. Amurkawan da muke kallo sun taɓa shiga irin wannan hali a farkon ƙarni na 20. Sai suka ƙayyade lokacin farauta da adadin da mutum zai kashe, kuma a 1937 suka yi dokar da ta karkatar da harajin bindigogi da harsasai zuwa kula da namun daji. Yau barewarsu ta kai kimanin miliyan 30, shi ya sa suke da sararin yin gardama a kan .243 da .308.

Ba na cikin masu kiran a sakar wa kowa bindiga, domin na ga abin da hakan ya jawo a maƙwabtanmu. Abin da nake nema ƙarami ne. Ƙananan hukumomin Wurno da Raba da Goronyo su zauna da sarakunan baka da hakimai a rubuta sunan kowane maharbi na gaskiya, a ba shi shaidar da ɗan sandan Edo ko na Neja zai iya tantancewa. A hana farauta a lokacin da dabbobi ke haihuwa. A ɗaga wa barewa ƙafa gaba ɗaya na wasu shekaru, domin ranar da dajin zai dawo hannunmu a tarar da abin da ya saura a cikinsa.

Da na koma Wurno bayan wata guda na ba ɗan yayata amsarsa: .243, idan da lasisi, idan kuma da barewa. Ya tambaye ni inda bindigar Baffa take. Na ce 'ya'yansa sun miƙa ta ga 'yan sintirin unguwa shekaru uku da suka wuce. Ya yi shiru, sannan ya ce shi bai taɓa ganin barewa da idonsa ba sai a gidan zu na Kano.