WinBack: wasan Japan da aka manta, wanda jaruminsa ya san laɓewa



Iyaye da dama suna kuka da wasannin harbe-harbe da yara ke yi a salula da gidajen PlayStation. Wasu na cewa a hana su kwata-kwata. Mu dai a ganinmu, kafin a yanke hukunci sai an duba abin da kowane wasa ke koya wa mai yin sa, don ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Bari mu kawo misali da wani tsohon wasa da mutane kaɗan suka sani.

Sunansa WinBack. Kamfanin Koei na ƙasar Japan ya fitar da shi a 1999 a kan na'urar Nintendo 64, daga baya aka sake gyara shi don PlayStation 2. Labarin shi ne wasu ƴan ta'adda masu kiran kansu Crying Lions sun ƙwace cibiyar da ke sarrafa wani makami da ke sararin samaniya. Sai aka tura wata tawagar soji ta musamman, kai kuma kana riƙe da ɗaya daga cikinsu, Jean-Luc Cougar.

Abin da ya bambanta shi da sauran wasannin zamaninsa, ba ka iya gudu kana harbi. Dole ka manna bayanka da bango ko akwati, ka jira, ka leƙo, ka saita, ka koma ka ɓuya. Duk wanda ya fito fili yana nuna jarumta, nan take zai sheƙa lahira. Yana cikin wasannin farko da aka gina kacokan kan wannan dabara ta laɓewa. Amma bai yi suna ba, don Metal Gear Solid da ya fito a 1998 ya riga ya cika kasuwa, kuma sai da Gears of War ya zo a 2006 kafin duniya ta rungumi dabarar. Ga mai shuka daban, ga mai girbi daban.

Labarin ma bai sauƙaƙa abu ba. Abokan jarumin suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma can gaba sai ya gano shugaban tawagarsa ne ke cin amanarsu.

To, kar a ɗauka muna cewa wasa makaranta ne. Ko WinBack ɗin yana da tasa ƙaryar: mutum ɗaya da bindiga ya gama da ƙungiya guda, in an kashe shi a danna maɓalli ya tashi. Mu da muke jin labaran Diffa da Tillaberi mun san ba haka abin yake ba. Wanda ya tafi ba ya dawowa, kuma ana barin marayu da gonakin da ba mai nomawa.

Shi ya sa muke cewa ƙwace salula kaɗai ba ya magani. Yaron zai je ya yi a wayar abokinsa. Gara uba ko uwa ko yaya su zauna kusa da shi ko da minti goma. A duba lambar shekarun da aka sa wa wasan, 12 ne, 16 ko 18. A kalli abin da ake ba shi lada a kai: haƙuri da lura, ko yawan gawarwaki? Sannan a tambaye shi: wa kake harbi, kuma don me? Yaron da ya iya amsa wannan ya san bambancin allo da rayuwa. Wanda ya kasa, shi ne ke buƙatar zama da mu.

Ku fa, wane wasa yaranku ke yi, kuma kun taɓa zama kun kalla? Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya.