A wace kasuwa farashin ya sauka?

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in amayar da abin da ya tsaya mini a wuya tun farkon 2025. Wani jami'in gwamnati na ji a rediyo, murya cike da fara'a, yana yi wa 'yan ƙasa albishir wai hauhawar farashi ta sauko, mu ƙara haƙuri an kusa kaiwa gaci. Hujjarsa ita ce alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa: a Disamban 2024 kashi 34.80 cikin ɗari, a Janairun 2025 kashi 24.48. Kashi goma cur a wata guda! To a wace kasuwa? A Singa ne, ko a Dawanau? Mu dai da muke shiga kullum ba mu gani ba.

Ka fi ni sanin abin da ya faru, Edita. Ma'auni aka canza. Hukumar ta bar shekarar 2009 da take gwada farashi da ita ta koma 2024, ta kuma rage kason abinci a cikin lissafin daga sama da rabi zuwa kashi 40. Ban ce sabunta ma'auni laifi ba ne, abin da mutane ke saye a 2009 ba shi suke saye yau ba. Laifin na wanda ya ɗauki wannan lamba ya hau rediyo da ita ne, kamar mai awon da ya rage girman kwano sannan ya ce buhu ya yi albarka. A gidan mai albashin naira dubu 70, abinci ba kashi 40 yake ci ba, kusan duka yake haɗiyewa. Kuma ko mun yarda da kashi 24 ɗin, ma'anarsa abin da ka saya naira ɗari a Janairun 2024, a Janairun 2025 ya koma ɗari da ashirin da huɗu. Wannan shi ne albishir ɗin?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, 'yan kwanaki bayan fitar alƙaluman, a Fabrairun 2025, kwamitin Babban Bankin Najeriya ya zauna ƙarƙashin gwamnansa Olayemi Cardoso, ya bar kuɗin ruwa daram a kashi 27.5. Ko ɗigo bai rage ba. Ka tuna a farkon 2024 kashi 18.75 ne, a Fabrairu aka ɗaga shi zuwa 22.75, daga nan ake ta ƙari har Nuwamba. Idan da gaske wutar ta lafa, me ya hana su sassauta? Su da suke da kwamfutoci da masana ba su gaskata ba, sai ni ake so in gaskata.

Ni mai injin matsar man gyaɗa ne, ba masanin tattalin arziki ba, amma wannan kashi 27.5 ya iso har ƙofar shagona. Da kaka na je wani banki neman jarin da zan sayi gyaɗa in ajiye tun tana da sauƙi. Aka ce ruwan ya haura kashi 30, sannan in kawo takardar gida jingina. Yaron da ke teburin, Allah ya shi masa albarka, bai ɓoye mini ba. Ya ce, “Baba, gwamnati na karɓar bashi a hannunmu tana biyan sama da kashi 20, ba asara ba fargaba. Wa zai bar wannan ya ba mai inji?” Na naɗe takarduna na fito. Na san wani zai ce me ya kai ka, kuɗin ruwa ai haramun ne. Haka ne, ban kuma karɓa ba. Amma har wanda bai taɓa taka ƙofar banki ba yana biyansa, domin kamfanin sukari da na sabulu da na taliya sun ci bashin, kuma a kan kwalin da kake saye suke fanshewa.

Yanzu injin sai ya wuni a kashe. Matan da a da ke zuwa da galan, yau da kwalba suke zuwa, masu kwalba kuma sun koma ƙulli a leda, ɗan abin da zai ɗiga a miyar dare. Tunkuzar da masu ƙuli-ƙuli ke rububi, ita ma sai an yi ta ciniki kamar za a sayi saniya.

An ce ana ɗaga kuɗin ruwa ne don a janye kuɗin da suka yi yawa a hannun jama'a. Wane kuɗi? A hannun wa? Kowa ya san inda tsadar nan ta samo asali. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta zo ta haura dubu. Watan Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke bayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 kafin shekara ta zagayo. Ga manoman Zamfara da Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu. Wanne daga cikin waɗannan kuɗin ruwa zai warkar?

Ba yau aka fara mana wannan wasan lamba ba. Rashin aikin yi da aka ce ya kai kashi 33.3 a ƙarshen 2020, da aka canza hanyar ƙirga sai ga shi kashi 4.1 a farkon 2023, saboda duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako an sa shi cikin masu aiki. Ka zo unguwarmu da hantsi ka ga majalisar samari, wasu da digiri, ka gaya musu su ma'aikata ne. Haka aka yi ta murna a Janairun 2024 wai ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Legas ya haura maki dubu ɗari. Madalla ga masu hannun jari. Hukumar ƙididdigar nan dai ita ce ta ce a 2022 mutum miliyan 133 na cikin talauci, mafi yawansu a Arewa, amma wannan lambar ban taɓa jin an hau rediyo ana tallarta ba.

Wakilanmu kuwa shiru kake ji. Da an fara kakar zaɓe za su fito da taliya da atamfa. Samarinmu ma ba su tsira ba a wurina: yaro bai karya kumallo ba, an saya masa data yana Facebook yana zagin duk wanda ya ce akwai yunwa.

Roƙona gare ka, Edita, ka riƙa tura wakilinka Dawanau da Singa duk mako, ya rubuto kuɗin kwanon gero da masara da shinkafa da wake da kwalbar mai, ka buga su gefe da gefe da alƙaluman Abuja a shafi ɗaya. Idan kuma jami'in nan ya sake zuwa gidan rediyo, don Allah a buɗe layin waya.



Naka mai karatu,
daga Kano