A daina yi wa kwamfutar mai hoto fomat

Daga Faskari zuwa Funtuwa, akwai hukuncin da masu gyaran kwamfuta da yawa suke yankewa kafin su saurari ƙara: a yi mata fomat. Photoshop ta ƙi buɗewa, fomat. Ta buɗe ta sandare a tsakiyar aiki, fomat. Mai shagon hoto ya biya, ya ɗauki kayarsa tana gudu kamar sabuwa, sai bayan kwana biyu ya tuna cewa hotunan shekara bakwai sun tafi. Wannan ɓarna ce da muka saba da ita har muke kiranta gyara.

Yawancin abin da ke tsayar da manhajar gyaran hoto bai kai a shafe komai ba. Photoshop tana aron fili a faifan kwamfuta don ayyukanta na wucin gadi, idan faifan ya cika sai ta ƙi motsi, kuma takan faɗi haka ƙarara a saƙon da ba wanda yake tsayawa ya karanta. Maganinsa a rage kaya. Wani lokaci saitinta ne ya rikice, wanda riƙe Ctrl da Alt da Shift yayin buɗe ta yake mayar da shi yadda ya zo. Wani lokaci kuma manhajar da ke tuƙa katin hoto ce ta tsufa. In duk sun faskara, a cire manhajar a sake saka ta ita kaɗai. Mai gyaran da ya tsallake waɗannan ya nufi fomat, lokacinsa ya tattala da dukiyar wani.

Akwai gaskiyar da ba a son faɗa. Tun 2013 kamfanin Adobe ya daina fitar da sabuwar Photoshop ta saye sau ɗaya, ya koma kuɗin wata-wata, don haka shaguna da dama suka tsaya a kan kwafin sata. Ba na zargin wanda hoton fasfo ne abincinsa, amma ya san abin da ya shigar gida. Cutar kwamfutar nan da ake kira STOP/Djvu, mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, ta irin waɗannan manhajojin ta fi yaɗuwa. Mutanen yankinmu ba sa buƙatar a fassara musu kalmar fansa. Ga GIMP nan kyauta, kuma ta isa aikin fasfo da na biki. Ita ma ta asalin ba a ba ta amana gaba ɗaya: a watan Agustan 2020 wani sabuntawa na Lightroom a iPhone da iPad ya shafe hotunan mutanen da ba su da kwafi a wani wuri, Adobe kuma ya ce ba za su dawo ba.

Abin da ya sa na ɗauki batun da zafi shi ne abin da ke cikin faifan. A Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, inda 'yan bindiga suka ƙona gidaje, suka tashi ƙauyuka, mutane sun gudu da tufafin jikinsu kawai. Bayan hari irin na Kadisau a watan Yunin 2020, iyalin da suka rasa uba da gida a rana ɗaya, ina za su sami fuskarsa? Mai yiwuwa kwafin da ya rage shi ne wanda mai hoto ya ɗauka ranar ɗaurin aure ko don wata takardar rajista. Mai shagon bai nemi wannan amana ba, amma tana hannunsa, a cikin tsohuwar kwamfutar da ke aiki da janareta, ƙurar hunturu na shiga ta ko'ina.

'Yan birni kuma shawararsu ɗaya ce: a ɗora komai a intanet. Sun manta da watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan ukun, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, sabis bai fara dawowa ba sai a Disamba. Wanda ajiyarsa take a Google kaɗai ya yi wata uku ba ya iya taɓa kayansa daga shagonsa. Ko da sabis, gigabait 15 Google ke bayarwa kyauta, kuma tun 1 ga Yunin 2021 hotuna ma a cikinsa ake ƙirga su. Biki kaɗan ne za su cinye shi, ban da kuɗin data. WhatsApp kuwa, in ba a aika hoto a matsayin fayil ba, matse shi yake yi har ya rasa ingancin bugawa.

Masu sana'ar hoto a duniya suna da ƙa'ida mai sauƙi: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. A Faskari wannan yana nufin faifan waje guda biyu. Ɗaya yana shago, ana kwafa masa aikin rana kafin a kashe janareta, sannan a zare shi, domin faifan da ke maƙale da kwamfuta cutar da ta kama ta shi ma za ta kama shi. Ɗayan yana wurin ɗan'uwa a Funtuwa ko Katsina, ana musanya su duk wata. Intanet ta ɗauki zaɓaɓɓun hotuna idan an samu hali. Kuma kada mai gyara ya ruɗe ka da cewa ya kwashe kayanka daga C zuwa D. A yawancin kwamfutoci ɗaki biyu ne a gida ɗaya, in faifan ya mutu tare suke tafiya.

Mai karatu, in hoton iyayenka ko na aurenka yana wani shago, je ka karɓi asalin fayil ɗin a filash, ka biya abin da aka ce. Mai gyara kuma da zai taɓa kwamfutar wani, ya fara kwafe fayilolin a gaban mai ita, a buɗe kaɗan a ga suna aiki, ya sa kuɗin wannan a cikin ladan aikinsa.