Maganin Sanyin Asuba Ba Ya Bakin Sukundireba

Da zarar hunturu ya kankama, ƙorafin da ake kai wa kanikawa kusan iri ɗaya ne: mota ba ta tashi da asuba sai an tura, in ma ta tashi ba ta riƙe silo, ana ɗaga ƙafa daga totur ta mutu. Yawancin motocin nan ba yadda kamfani ya ƙera su suke ba. Wata an cire mata injekta an sa kafireta, wata an ɗora mata injin wata motar, wata kuma an haɗa mata tukunyar gas tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Ba na ganin laifin mai mota, tsadar rayuwa ce ta kai shi. Abin da ke damuna shi ne maganin da ake yi wa motar idan ta ƙi tashi.

Injin fetur da ya yi zafi yana son iska kashi 14.7 ga kowane kashi ɗaya na mai, a ma'aunin nauyi. Amma fetur ba ya kamawa sai ya zama tururi, kuma a cikin inji mai sanyi mafi yawansa mannewa yake yi a jikin ƙarfe yana ruwa. Dole a ƙara mai na ɗan lokaci domin abin da ya isa fulogi ya kama wuta. Aikin cok ke nan a tsofaffin motoci irin Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna: ya tauye iska, ya ɗaga silo, in inji ya ɗumama a mayar da shi. A motar injekta kwamfuta ce ke yin wannan, tana karanta zafin ruwa, ta ƙara mai, ta ɗaga juyin inji ya haura 1,000 a minti, sannan a hankali ta sauke shi zuwa wajen 700 ko 800.

Ƙarin na 'yan mintuna ne. To amma me ake yi a gareji? Mai mota ya zo da hantsi ko azahar, inji ya riga ya yi zafi, matsalar ta ɓuya. Bakanike ya ɗauki sukundireba ya buɗe wa mai hanya, ya ɗaga silo, ya ce "Alhaji, ta yi." Gobe da safe kuwa za ta tashi. Sai dai daga nan har dare tana shan man da safiya kaɗai ke bukata. Fulogi ya yi baƙi, salansa na warin ɗanyen fetur, ragowar man yana wanke baƙin mai daga jikin silinda, yana sauka ya tsinka na ƙasa. Bayan 'yan watanni a ce ringi ya ci, a sauke inji.

Akwai wadda ta fi wannan muni, kuma ta zama al'ada har wasu na ɗaukar ta a matsayin gata. Mota na isowa daga Kwatano, sai a zare bawul ɗin da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya yi zafi, wanda yakan buɗe a tsakanin digiri 80 da 90, sannan a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyi tun daga kunna makulli. Hujjar ita ce wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Ba haka ba ne. Inji yana da zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, ko a Jamus yake ko a Sakkwato. Idan ruwa na zagaya lagireto tun daga tashi, inji zai daɗe bai kai wannan zafi ba, kwamfuta kuma ta ci gaba da zuba mai tana zaton har yanzu asuba ce. Kamar wanda ya buɗe ƙofa da taga ne a daren hunturu, yana ta ƙara itace a murhu. Motar da ke zafi fiye da kima, lagiretonta ya kamata a duba, ko famfon ruwa, ko fankar kanta.

Masu gas su ma abin ya shafe su. An tsara motar ta tashi da fetur, sai ruwa ya ɗumama ta juya zuwa gas. Dalili kuwa, iskar gas tana fitowa daga tukunya mai matsi har bar 200, tana sanyi ƙwarai idan matsin ya sauka, kuma ruwan inji ne ke ɗumama na'urar da ke rage shi. Direban da ya matsa a sa motarsa ta juya nan take zai sha mutuwar inji a mahaɗar hanya. Wanda aka cire wa bawul ɗin ruwa kuma zai ga ta daɗe ba ta juya ba, tana cin fetur ɗin da ya kashe kuɗi don ya guje masa. Gas yana son iska wajen kashi 17, saitinsa daban ne da na fetur, kowanne sai an yi masa nasa.

Wuri ma yana da tasiri. Jos tana sama da teku da kusan mita 1,200, iskarta ba ta kai ta Legas kauri ba, don haka kafiretar da aka saita a bakin teku mai zai yi mata yawa a can. Ƙurar hazo kuma tana toshe matatar iska cikin makonni kaɗan.

Roƙona ga kanikawa, kada sukundireba ya zama abin farko. A duba tiyon da ya tsage yana satar iska, a duba fulogi da matatar iska da na'urar karanta zafin ruwa. Wanda ya sauya inji ya tabbatar ya haɗa wayar bawul ɗin silo, domin sau da yawa barin ta ake yi tana lilo. Kafiretar da aka dasa a gyara mata cok mai aiki. Sai inji ya yi zafi sosai a saita silo, sannan motar ta kwana a gareji, a tayar da ita da sassafe kafin a miƙa makulli. Mai mota kuma ya daure ya bar ta wannan daren, ya biya kuɗin aikin ba tare da mita ba.