Kafin Mu Sayi Na'urar Naɗar Bidiyo, Me Muke Tsoron Ya Ɓace?

'Yan'uwa marubuta, tun da wasunmu suka fara ɗaukar kyamara suna zuwa hira da dattawa don rubuta tarihi, wasu kuma suna mayar da gajerun labaransu fim, tambaya ɗaya ke ta dawowa: shin sai mun sayi na'urar nan da ake ɗaurawa a saman kyamara, wadda ke naɗar hoto kai tsaye a faifan ajiya? In za mu saya, wacce? A ganinmu, yawancinmu ta wutsiya muke kama tambayar. Muna tambayar girman faifai da kyan hoto, alhali abin da ya kamata mu fara tambayar kanmu shi ne wane abu ne in ya kuɓuce mana ba za mu iya sake ɗaukarsa ba.

Mun san ciwon abin. Mu huɗu muka taɓa zuwa wani ƙauye hira da wani tsoho da ya yi ƙuruciyarsa yana amshi a bayan makaɗin fada. Kyamarar aro muka riƙa, irin ta ɗaukar hoto da ke iya yin bidiyo. Kun san halin manya, sai da Baba ya cinye kusan rabin sa'a a gaisuwa da tambayar 'ya'yan wa muke kafin ya saki jiki. Da ya fara zuba kuwa, duk muka saki baki, babu wanda ya leƙa kyamara. Ashe ta tsaya tun a minti 29 da daƙiƙa 59. Ba lalacewa ta yi ba, haka aka ƙera ire-irenta da yawa, saboda a da, a Turai, an daɗe ana ɗora wa kyamarar da ke naɗar minti 30 ko fiye harajin kyamarar bidiyo. Gaisuwa muka dawo da ita gida. Abin da Baba ya faɗa a sa'ar da ta biyo baya, sai ɗan abin da muka riƙe a ka.

Irin wannan ramin ne na'urar naɗa ta waje take cikewa. Muddin kyamara tana kunne tana turo hoto, ita tana naɗa har faifai ya cika ko batir ya ƙare. In kuma kyamarar tana naɗa a katinta a lokaci guda, an tashi da kwafi biyu ke nan. Ga marubuci, wannan ya fi duk wani zancen launi da kaifin hoto da masu talla ke yi.

Abu na farko da za mu duba ba a jikin na'urar yake ba, a jikin kyamararmu yake: wace kafa gare ta? A zamanin kaset ɗin MiniDV, mai cin minti 60, sai an zauna sa'a guda cur kafin a kwashe hoton sa'a guda zuwa kwamfuta. Na'urori irin su FireStore FS-4 na kamfanin Focus Enhancements na Amurka sun zo ne don kawar da wannan zaman jira, suna karɓar hoto ta wayar FireWire. A lokacinsu sun yi aiki ƙwarai, har yanzu kuma ana cin karo da su a kayan hannu da araha mai jan rai. Amma kyamarorin yanzu ba su da wannan kafar, HDMI gare su, manyan kuma SDI. Wanda ya sayi tsohuwar don arha ya sayi abin ado. Na yanzu da aka fi sani su ne Ninja na kamfanin Atomos da Video Assist na Blackmagic Design, dukansu kamfanonin Ostireliya.

Samun kafar HDMI ma bai isa ba. Wasu kyamarorin suna turo hoton ne haɗe da duk rubuce-rubucen da ke kan allonsu, alamar batir, lambobi, akwatin da ke bin fuska. Na'urar ba ta da hankalin tacewa, yadda aka ba ta haka za ta naɗe, a wayi gari da alamar batir a goshin Baba har abada. Wasu kuma suna yin barci da kansu bayan ɗan lokaci, ko su mutu in sun ɗau zafi. Don haka mu je wurin mai sayarwa da kyamararmu a hannu, a haɗa, a bar ta tana naɗa sa'a guda, a buɗe abin da aka naɗa a kwamfuta. Mai kayan da ya ƙi wannan gwajin ya riga ya ba mu amsa.

Sai lissafin da ba a cika yi mana ba. Waɗannan na'urori suna naɗa ne da tsari mai nauyi, galibi ProRes na kamfanin Apple. ProRes 422 a girman 1080, hoto 25 a daƙiƙa, yana cin wajen gigabait 55 a sa'a. Mai lakabin HQ yana kaiwa 83. Ƙaramar kyamara da ke naɗa a katinta da tsarin AVCHD kuwa wajen gigabait 11 take ci. Ninki biyar ke nan. Faifai mai gigabait 500 zai ɗauki abin da bai wuce sa'a tara ba, kuma duk abin da aka naɗa sai an nemo masa wurin kwana a gida. Kuɗin na'urar somin-taɓi ne. Ga hira da mutum yana zaune a tabarma, mai sauƙin nauyi, wato LT, ya isa har ya yi yawa.

Game da faifan kansa ba mu da kokwanto: SSD. Tsohon faifai mai juyawa yana da allura a ciki da ke shawagi a kan faranti, faɗuwa ɗaya yana cikin aiki na iya gamawa da shi. Mu kuwa a bayan babur muke zuwa ƙauye, kan hanya mai gargada. SSD ba shi da abin da ke motsi. Ya fi tsada, gaskiya ne, amma gara ƙarami na kirki da babba mai rauni. Mu kuma yi hattara da jabu, akwai faifan da ke nuna girman da ba shi da shi, sai an cika shi a ga fayiloli sun ƙi buɗewa. A cika shi taf a gida, a sake buɗe komai, kafin a amince masa.

Wuta da waya su ne ƙananan abubuwan da ke kunyata mutum a gaban jama'a. Yawancin waɗannan na'urori da batir irin na Sony NP-F suke aiki, kuma allonsu na shan wuta sosai. Wanda zai je inda babu lantarki ya tanadi aƙalla uku. Ƙaramar kafar HDMI kuma ba ta da riƙo, hannu ya ɗan goge ta, hoto ya yanke. Akwai ɗan maƙalin da ke danne wayar, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma ba a tuna shi sai an yi asara.

Yanzu ga inda za mu saɓa da masu son kaya. Mu marubuta ne, maganar muke bi. Hoto mai dishi-dishi da murya tangaran ana iya rubuta littafi da shi. Hoto garau da muryar da iska da kukan awaki suka cinye ba shi da amfani a wurinmu. In kuɗin abu ɗaya muke da shi, makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga da ƙaramin rikoda na murya sun riga wannan na'urar a layi. Da muna da rikodan murya a gefe ranar da muka je wurin Baba, da wannan rubutun bai zo da ciwo ba. Haka nan kyamarori da yawa na 'yan shekarun nan ba su da iyakar minti 30, wasu har ramin kati biyu gare su, suna naɗa a duka biyun. Mai irin wannan bai da buƙatar ƙarin kaya a saman kyamara, sai dai in fim yake yi da za a zauna gyaran launinsa.

Masu cewa ai harkar fim ta wuce marubuci, mu tuna musu cewa marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu sun kai labaransu gaban kyamara tun zamanin kaset. Ba baƙon wuri muka shiga ba. Abin da ya rage mana shi ne kada mu ɗauki faifan na'ura a matsayin rumbu. Na aiki ne, gobe za a goge shi a sake fita. A daren da muka dawo, kafin mu kwanta, a kwafe komai wuri biyu, ɗaya ya kwana a gidan wani daban, a sa wa fayil sunan gari da kwanan wata da sunan wanda ya yi magana. Sai an buɗe kwafin an ji muryar ta fito sannan a goge na asali.