AMOSANIN JINI DA WAƊANDA SUKA HANA A MANTA DA SHI



Babu unguwar da ba ta san yaron nan ba. Da sanyin hunturu ya kama, sai ya kwanta yana kuka da ƙasusuwansa, idanu sun yi rawaya, hannu da ƙafa sun kumbura. Wasu su ce iska ce, wasu su ce mayu. Ciwon amosanin jini ne, wanda ake kira sikila. Gado ne: idan uwa da uba duk suna ɗauke da irinsa, ko da su lafiya lau suke, kowane ciki da aka samu yana da rabo ɗaya cikin 4 na fitowa da ciwon. A ƙasashenmu kusan mutum ɗaya cikin 4 yana ɗauke da irin.

Nasara sun ce sun gano shi a 1910, lokacin da likita James Herrick na Chicago ya rubuta labarin jinin wani ɗalibi baƙar fata daga tsibirin Grenada. Mu dai kakanninmu sun san shi tun tuni. Likita Felix Konotey-Ahulu na Gana ya bi sawun ciwon a cikin danginsa har zuwa wajen 1670. A 1949 Linus Pauling ya nuna inda aibin yake a cikin jini. A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai ɗauke da irin yana samun kariya daga mugun zazzaɓin sauro, shi ya sa irin ya yawaita inda sauro ya yi yawa, har Indiya da ƙasar Larabawa da Girka. Ashe sauro yake bi, ba launin fata ba. To, ilimi ya samu da wuri. Me ya riƙe magani?

A duba Amurka, ƙasar da ta fi kowa kuɗin bincike. Masu ciwon can wajen 100,000 ne, galibinsu jikokin waɗanda aka kwashe daga Afirka cikin sarƙa. A 1970 likita Robert Scott ya ɗauki alƙalami ya yi lissafi. Ya samu cewa a 1968 ƙungiyoyin taimako sun tara dala miliyan 1.9 don wani ciwon gado na huhu mai suna sistik faiburosis, wanda ya fi kama farar fata, amma abin da aka tara don amosanin jini bai kai dala 100,000 ba. Sai da 'yan jam'iyyar Black Panther suka shiga unguwanni suna awon jini kyauta, magana ta yi ƙarfi, sannan Shugaba Nixon ya sa hannu a kan dokar yaƙi da ciwon a 1972.

Bayan shekara 50 aka sake lissafin. Rahoton da ya fito a 2020 ya nuna cewa daga 2008 zuwa 2018 gwamnatin Amurka tana kashe dala 2,807 a shekara a kan kowane mai ciwon huhun nan, mai amosanin jini kuwa dala 812. Duk wanda ya taɓa kai gyaɗa gaban sikelin kamfani a zamanin mulkin mallaka ya san irin wannan awo. Ba mu yi wa yaran Nasara baƙin cikin samun magani ba, Allah ya ba su lafiya. Cewa muka yi a daidaita mudu.

Akwai kuma abin da ya fi rashin kuɗi ciwo. Mai amosanin jini ya je asibiti yana birgima, a dube shi a ce ɗan ƙwaya ne yana neman allura. A 2016 masu bincike na Jami'ar Virginia sun tambayi ɗaliban likita da ƙananan likitoci farar fata 222. Rabinsu sun yarda da aƙalla ƙarya ɗaya irin ta cewa fatar baƙi ta fi kauri. Waɗannan ne gobe za su riƙe allura!

Amma akwai waɗanda ba su yi barci ba, kuma ya kamata kowane ɗan komiti ya riƙe sunayensu. Likita Marilyn Gaston, baƙar fata, ta ja gorar gwajin da ya fito a 1986: an ba jarirai masu ciwon fenisilin kullum, mummunar cutar da ke shiga jini ta kashe su ta ragu da kashi 84 cikin 100. Fenisilin fa, wanda ake samu a kowace farmasi. Daga nan aka kama auna jarirai tun daga haihuwa, har ya zama yau fiye da 9 cikin 10 na yaran nan a Amurka suna kai girma. A 1998 aka amince da ƙwayar haidiroksiyuriya mai rage tashin ciwon. Shekaru suka wuce ana jan ƙafa wajen kawo ta Afirka, ana cewa ba a san yadda za ta yi a ƙasar sauro da yunwa ba. Likita Léon Tshilolo na Kinshasa da abokan aikinsa suka gwada ta a kan yara fiye da 600 a Kwango, Angola, Kenya da Uganda. Sakamakon ya fito a 2019: ciwo ya ragu, mutuwa ta ragu, har zazzaɓin sauro ya ragu da wajen rabi. Nan kusa da mu, likitocin Asibitin Malam Aminu Kano tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt sun nuna cewa za a iya auna gudun jini a kan yaro, a gane wanda shanyewar jiki ke shirin kamawa, a tare shi da wannan ƙwaya.

A Disamba 2023 Amurka ta amince da Casgevy, magani mai gyara ƙwayar gado. A lokacin, an sa kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum guda. A 2021 an haifi jarirai wajen rabin miliyan da ciwon a duniya, fiye da 3 cikin 4 a Afirka kudu da Sahara. Wa zai saya musu? Ba za mu zauna jiran wannan ba alhali masu arahar ma ba su iso ƙauye ba.

Saboda haka a karanta wannan takarda a taron komiti, a karanta wa mata a gidajen biki. Saurayi da budurwa su yi awon jini kafin a kai goro, kada a bari sai an sa rana. A daina ɗora wa uwa laifi ita kaɗai, don irin daga ɓangare biyu yake zuwa. Yaron da ke da ciwon a rufa masa jiki da sanyi, a ba shi ruwa da yawa, ya kwana cikin gidan sauro, in jikinsa ya yi zafi a kai shi likita a ranar. Kowane komiti ya je likitar garinsu ya tambaya: ana auna jarirai? Akwai fenisilin na yara? Akwai haidiroksiyuriya, kuma nawa ne? Sakatare ya rubuta amsar da aka ba shi, ya aiko mana da ita ranar kasuwa mai zuwa.